Humrar Yaya Binta a Jikin Ɓera

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin humrar nan ba, ta Yaya Binta, wadda aka haɗa mata takanas domin bikinta. Ranar za a kawo lefenta daga Kiru, ni kuwa hankalina yana kan ɓerayen ado guda biyu da nake kiwo a keji, Wata da Tauraro (lokacin ina fama da rubuta waƙoƙi, a yi mini uzuri). Ciki ɗaya suka fito, kullum a manne suke barci.

Da safe Inna ta ja mini kunne: "Wallahi Ummi, baƙi suka ji warin ɓera a gidan nan, yau abokanki za su koma daji."

Sai na yi dabara. Na ɗauko humrar a ɓoye, na shafe Tauraro tun daga kunne har wutsiya. Wata ya ƙi kamuwa, na ce ai ƙamshin ɗaya ya ishe su.

Mata sun cika tsakar gida, ana ɗaga atamfofi ana guɗa, sai kejin da ke bakin ɗakina ya hau girgiza. Ɓerayen sun dunƙule suna birgima, gashi yana tashi. Na durƙusa ina rarrashi: "Haba Wata, ɗan'uwanka ne fa!" Da nasiha ta ƙi ci, na zura hannu (kada ku gwada). Wata ya kafa mini haƙori a yatsa, na kurma ihu, Tauraro ya samu ƙofa a buɗe ya arce. Bai zame ko'ina ba sai cikin mayafin gwaggon ango.

Ta miƙe tana salati tana kakkaɓe jiki. Can ta tsaya, ta shinshina mayafin.

"Ikon Allah! Ku a Tudun Wada har ɓerayenku humra suke shafawa? Amaryar tamu fa, an rage mata?"

Gida ya kaure da dariya, ban da Inna. Gwaggon ce ta cece su: "A bar wa yarinya kayanta, Hajiya. Ɓeran nan ya fi ni ƙamshi."

An bar mini su, amma a keji biyu, don ba su sake shiri ba.

Sai da na shiga jami'a na ji a aji cewa irinsu da wari suke gane juna. Ashe Wata bai san ɗan'uwansa yake cizo ba. A ganinsa wani baƙon ɗan gayu ne ya shigo masa ɗaki ba sallama.