Wadda Ta Zana Shugaban Makaranta Yana Barci

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da makarantun yankinmu, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta talaka, ni ne Nababa, manomi a wani ƙauye kusa da Minjibir, mahaifin Aina'u 'yar ajin ƙarshe a sakandarenmu, wadda aka koro gida ana dab da jarrabawar fita. A yi mini afuwa, zan ɗan yi ƙorafi.

Na ɗaya, mun gode da ɗakin koyon zane da kuka gina mana. Ba ya yoyo, ɓera ba ya shiga. Shaidata ita ce gyaɗar shugaban makaranta, da take jibge a ciki tun kakar bara ba abin da ya same ta.

Na biyu, malamin zanen da kuka turo mutumin kirki ne, sai dai lissafi ya karanta. Yakan rubuta ma'anar launi a allo da farin alli, yara su haddace. Aina'u ta cinye makin tambaya a kan shuɗi da ruwan ɗorawa, alhali ba ta taɓa tsoma buroshi a fenti ba. Haka ake koyon tuƙa tuwo a gidanku, ranka ya daɗe?

Na uku, wanda ya hana ni sakat: an wayi gari da hoton shugaban a bangon ɗakin, an zana shi da gawayi yana sharar barci a kan buhunan gyaɗar, baki buɗe, hula a karkace. Aka kafa kwamiti. Ba wanda ya ga mai zanen, amma malamai suka ce duk makarantar ba mai hannun da zai fitar da tumbin nan da haƙorin Makka haka sai 'yata. Da wannan hujjar aka kore ta. Wallahi na ji haushi, na kuma ji daɗi, don ranar ce makarantar ta fara duba aikinta ta yaba.

Ban ce ta kyauta ba, na yi mata faɗa. Amma ƙarya ta zana? Ita ta yi barcin?

Yarinyar nan tun tana ƙarama take fitar wa mata furen lalle da zanen hula. Burinta ta je kwalejin ilimi, ta dawo ta koyar a ɗakin nan. In ba ta zauna jarrabawa ba, shi ke nan. Tun da ta dawo gida ko layi ba ta ja a ƙasa ba, kuma shirun nan nata tsoro yake ba ni.

Don haka ina roƙonka, gwiwa biyu a ƙasa, a mayar da ita aji. In aiki ya yi maka yawa, ba komai. Na shafe bangon gidana da farar ƙasa, ga shi yana kallon hanyar kasuwa, na kuma tara mata gawayi. Saura mu zo ofis ta ƙare maka kallo. An ce mana bayan azahar ka fi zama wuri ɗaya.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Nababa, mahaifin Aina'u