Neman Auren Aira

Wani ne a nan Greensboro ta Amurka matarsa Oumou ta rasu. Tun daga ranar babu mai buɗe wasiƙa a gidan, babu mai cike takardun haraji, babu mai ce masa ya rage gishiri. Shi aikinsa ɗaga kwalaye a wani sito a Wendover. Duk abin da ya shafi takarda ita ke yi, shi nasa sa hannu.

Bayan shekara guda abokinsa Lawal ya je gaishe shi a gidansa da ke unguwar Glenwood, ya tarar da shi yana cin burodi a tsaye.

Lawal ya ce, "Malam, ƙarfi ƙarewa yake yi. Ranar da ka kasa ɗaga kwali, wa zai riƙe ka?"

Ya ce, "Allah."

"Haka ne. Amma ka nemi Aira."

To, Aira asusu ne na ajiyar tsufa, wanda gwamnati ke yi wa sassaucin haraji. Haruffa uku ne na Turanci, bakin mutanenmu ya mayar da su Aira. Mutumin bai taɓa ji ba. Shi dai ya san ana taƙaita Humaira haka. Ya ajiye burodin.

"Tana da hankali?"

"Ba ruwanta da hayaniya. Ni biyu gare ni."

Ya dubi Lawal da kyau. "Hajiya ta sani?"

"Ita ta matsa mini."

Ya jinjina wa matar Lawal a ransa. Can ya ce, "A ina ake samunta?"

"Ko banki, ko wajen dillalin intanet. Ta banki akwai natsuwa, ba ta zuwa ko'ina, sai dai ba ta cika haihuwa ba. Kuma akwai maganar ruwa, sai ka tambayi malamai. Ta dillali kuwa 'yar kasuwa ce. Bana ta yi ƙiba, baɗi ta rame."

Mutumin ya ce a ransa, in mutanen ruwa ne a kanta ai akwai ruƙiyya. Haihuwa kuma a shekarunsa ba ita ce a gaba ba. Ya zaɓi ta banki.

Washegari ya fito da shaddarsa ta Sallah, ya fesa turare har maƙwabta suka rufe taga, ya ƙunsa goro. A bankin aka haɗa shi da wata yarinya 'yar Nijar mai suna Nadia, saboda tana jin Hausa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na zo neman Aira."

Ta ce, "Madalla, Baba. Iri biyu ce. Ta gargajiya ko wadda ake ce wa Rot?"

"Rut? Kirista ce?"

"A'a, Baba, babu ruwanta da addini."

"Subhanallahi. Bar mini ta gargajiyar."

"To. Ita yanzu za a rage maka haraji, sai ranar da ka zo ɗauka ka biya."

"Sadaki ajalan ke nan. Na yarda."

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da biyu. Amma ina ɗaga kwali."

"To, ba ka taɓa ta sai ka cika hamsin da tara da rabi."

Ya ɗago kai. "Da rabi?"

"Da rabi. In ka taɓa kafin nan, gwamnati ta ci tararka."

"Gwamnatin ce waliyyinta?"

Nadia ta ɗauka raha ce irin ta dattawa, ta yi murmushi ta ce, "Kusan haka."

"Kafin lokacin a ina za ta zauna?"

"Nan wajenmu. Kai dai duk wata ka riƙa aiko mata da wani abu. In ka so ganinta ka duba a waya."

Ya share gumi da hannun riga. Nadia ta ce, "Saura tambaya ɗaya, Baba. In ta Allah ta kasance, wa kake so ya gaje ta? Wasu ƙanensu suke sawa."

Mutumin ya miƙe, ya ɗauki goronsa, ya ce a gaida mutanen gida.

Daga wajen ajiye motoci ya kira Lawal.

"Mutanen bankin nan ba su da tarbiyya. Dillalin naka nawa ne la'adarsa?"

"Ba ya karɓar la'ada."

"Dillali ba la'ada? To kayan akwai aibi. Ina shagonsa?"

"Ba shi da shago. A waya yake."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba."

"Kuma ka karɓi biyu a hannunsa."

"Ban yi da-na-sani ba. Bari in turo maka hoton tawa ka gani."

Hoto ya shigo. Mutumin ya gyara tabarau, ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa. Babu fuska, babu ɗankwali. Wani jan layi ne kawai, ya hau, ya sauka, ya hau, sannan ya gangara.

Ya ce, "Lawal, na san layin nan. Na kwana ina kallon irinsa a na'urar da ke kan gadon Oumou a asibiti. Baiwar Allah tana wannan hali, kai kana yawo a gari?"

"Haka take yi. Makon nan ta faɗi, wata mai zuwa ta tashi."

"Ka kai ta wajen likita?"

"Ba a taɓa ta. Taɓawa ke ɓata ta."

"Ita ma sai hamsin da tara da rabi?"

"Duk dokar ɗaya ce. To wacce ka zaɓa, ta banki ko ta dillali? Ka yi sauri, shekaru tafiya suke."

Mutumin ya ɗora wayar a kan mota, ya ɗaga hannu biyu, mutane na wucewa da kekunan sayayya.

Ya ce, "Lawal, kai da duk mai ji, ku ce amin. Allah ya jiƙan Oumou. Ita ranar da aka ɗaura, ranar ta tare."