Bencin Dakta Mijinyawa

Duk wanda ya ce N'Djamena ba ta da masana, bai taɓa ratsawa ta unguwar Sabangali ya ga Dakta Mijinyawa yana fitowa daga mota ba. Ƙafar dama ce ke fara saukowa, ta ɗan huta, sannan tumbi, sannan sauran Dakta. Ga kwat har da ta ciki, a zafin da ke sa ƙadangare neman inuwa, amma ina ruwan ilimi da zufa. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ƙusa da kwaɗo ya sayar a babbar kasuwa, Grand Marché, har ya koma ga Mahaliccinsa, sai dai wannan magana ba a yin ta a gaban Dakta.

A wata cibiyar karatu mai zaman kanta yake shugabantar shirin digiri na biyu, inda ake koyar da yadda ake horar da ma'aikata a wuraren aikinsu. Fannin nan ya san shi ciki da bai, musamman da yake bai taɓa ɓata lokacinsa a wani kamfani ko kanti ba. A gabansa ɗalibai na ce masa Musye Direkta, wato Yallaɓai Darakta da Faransanci. A bayansa kuwa Ambakir suke kiransa, wato gobe da Larabcin garin, don ba a taɓa samunsa ranar da aka neme shi ba.

Ana nan sai kwamitin malamai masu duba ingancin karatu ya zo. Dakta ya rufe su a ofishinsa, ya cika su da lemo da tarihin kansa, bai bari sun ga ɗalibi ko ɗaya ba. Duk da haka marasa godiyar nan suka gano cewa babu ɗalibin da ya taɓa taka ƙafarsa a wurin aiki. Suka ce a gyara kafin ƙarshen zango, za su dawo su gani da idonsu, in ba haka ba kujerar Dakta ta zama ta wani.

Kujerar nan kuwa mai juyawa ce, kuma Dakta yana son ta fiye da yadda yake son wasu 'yan uwansa.

Mataimakiyarsa, Malama Nuriyya, ta ce abin ai mai sauƙi ne: a roƙi kamfanoni da manyan kantuna da gareji su karɓi ɗalibai, su ga yadda ake aiki. Dakta ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, ɗalibin Mastar ba ɗan dako ba ne da za a tura shi kasuwa ya shaƙi barkono. In kwamiti na son wurin aiki, wurin aikin ne zai zo wurinmu."

Kafin mako ya zagayo an raba aji gida biyu da katako. Ciki aka kai na'urar sanyaya ɗaki da aka ciro daga laburare, aka kai kujera mai juyawa, aka kai Dakta. Waje aka ajiye tebur da hatimi da wayar da ba ta da layi, sai wani dogon benci a inda rana ta fi dukan bango. Daga nan aka shiga sabon darasi.

"Mene ne bambancin buro, wato ofis, da rumfar kasuwa?" in ji Dakta, hannu a baya. "Rumfa kowa na faɗa mata. Buro kuwa darajarsa a ƙofa take. Girman shugaba da tsawon layin bencinsa ake auna shi. Baƙo ya zo, ku fara leƙa taga ku ga motarsa. Wanda ya zo da ƙafa ko a tasi, benci. Kada ku ɗaga kai. Wanda kuma ya ce muku ‘ni ne wane’, ƙarami ne, domin babba ba ya faɗa."

Da yake malami ne na gaske, har jarrabawa ya riƙa yi musu. Ya sa wa mai shayin bakin titi babbar riga, ya turo shi a matsayin baƙo daga ma'aikatar ilimi. Ghali, wani ɗalibi magidanci mai saurin tausayi, ya tashi da rawar jiki ya buɗe masa ƙofa. Sifili bisa ashirin ya samu, a gaban kowa. Ranar Ghali ya yi wa kansa alkawari ko wa zai sake zuwa, benci zai zauna.

Ranar dawowar kwamiti aka shimfiɗa darduma, Dakta ya sha turare. Ya aiki Malama Nuriyya Grand Marché sayen furannin roba, don kada ta tsare masa haske. Ya kashe wayarsa, tunda babban mutum ba a samunsa a kira na farko. Ya umarci ɗalibai da zarar sun ga farar mota mai lambar gwamnati su miƙe, sannan ya shige ciki yana maimaita jawabinsa a gaban madubi.

Farar motar kuwa ta mutu a unguwar Bololo. Shugabar kwamitin, Farfesa Ikilima, da abokan aikinta biyu suka tari tasi, suka iso da zufa. Ghali ne a tebur. Ya leƙa taga, ya ga tasi na juyawa, ya sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, malam. Mu ne kwamitin da ake jira," in ji Farfesa.

"Hajiya, Musye Direkta yana taro. Ga benci."

"Da mu zai yi taron ai."

Ghali ya buga hatimi a kan farar takarda, yana dariya a zuci. Wannan karon har da mace Dakta ya haɗo, amma ba za a sake kama shi ba.

Daga ciki Dakta yana jiyo muryoyi, yana murmushi. Yaran nan sun ɗauki karatu. Allah dai ya sa kwamiti ya iso kafin bencin ya watse, su ga layi.

'Yan kwamiti suka zauna har aka kira azahar. Farfesa ta tambayi ɗaliban abin da suka koya a zangon nan, su kuma suka karanto mata dokokin ƙofa tiryan-tiryan, cike da alfahari. Ta gode musu, ta tambayi yaushe za a iya ganin shugaban. Ghali ya ce, "Ambakir."

Ba a rufe shirin ba. An danƙa shi ga Malama Nuriyya, ta rarraba ɗalibai kamfanoni da kantuna, na'urar sanyi ta koma laburare. Kujera da mota suka bi muƙami. Ghali kuwa ofishin mai cibiyar aka tura shi koyon aiki, bencin ma can aka kai shi.

Dakta ya ce wannan zalunci ne, sai ya ga mai cibiya ido da ido. Ya hau ɗan acaɓa, kwat na kaɗawa a baya, ya sauka a ƙofar ofis. Ghali ya leƙa taga, ya ga babur, ya sunkuyar da kai.

"Ghali, ni ne fa, Dakta Mijinyawa."

"Ranka ya daɗe, shugaba yana taro. Ga benci."

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma Dakta ya zauna. Rana ta doki ƙeya, kwat ta jiƙe sharkaf, Ghali bai ɗaga kai ko sau ɗaya ba. Can Dakta ya karkata wajen wani tsoho da ke jira kusa da shi, ya nuna teburin da haɓa.

"Ka ga wancan yaron? Ni na horar da shi."