Waƙar Nomau da Na Ara wa Alhaji Ladan

Ko za ni manta da komai a duniya, ba za ni manta da ranar da munka yi wasa a garin Tsamaye ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe wani, in kuma na duba da kyau sai in ga wuyana ne ya fi cancanta.

Ni mawaƙi ne, amma kada ka ɗauka irin waɗanda ake aiko wa mota. Mu huɗu ne: ni, da 'yan amshi biyu, da Kawu Ige mai kalangu, ƙanen tsohuwata, mutumin da bai taɓa ganin abin yabo a jikina ba tun da anka yanke mini cibi. Yau suna a Isa, gobe biki a Sabon Birni, jibi wani ƙauyen da ko ɗan kabu-kabu, mai babur na haya, sai ya yi tambaya. Halin da hanya take ciki kuwa ka sani, ba mai yarda magariba ta riske shi a daji, don haka daga azahar muke wasa, la'asar sakaliya mu tattara mu gudu. Shekara da shekaru ina bayan ɗan kabu-kabu da lasifika a cinya, yana faɗawa rami da ni yana kuma yi mini tsawa wai na cika motsi. Burina ɗaya a duniya, in mallaki babur nawa na kaina.

Sai Allah ya haɗa ni da Malam Nomau, wani babban manomi a Kamarawa. Na yi masa waƙa, ta kuwa yi daɗi:

"Nomau mai rumbu tara,
Gero na jin tsoron hannunka,
Duk ƙasar Gobir ba ka da na biyu."

Da munka gama ya ja ni gefe, ya ce, "Waƙar ga tawa ce ni ɗai?"

Na ce, "Taka ce kai ɗai, Malam. Kwana arba'in ban runtsa ba a kanta." (Kwana biyu ne, kuma na yi barcina har da minshari.)

Ya ce, "To, in Allah ya kai mu kaka, ka gama hawan babur na haya."

A wurinmu waƙar mutum kamar rigarsa ce da anka ɗinka masa, ba a tuɓe ta a sa wa wani. Na san haka sarai, da shi na tashi.

Kaka ta yi, bukukuwa sunka taso mana kamar fari. Wasa uku cikin kwana huɗu, muryata ta dushe, bayana kamar an daka. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Tsamaye cewa Alhaji Ladan, mai kai kaya Nijar, zai aurar da ɗansa gobe, kuma yana son waƙa tasa. Gobe fa! Sai ka ce waƙa ƙosai ce da za a jefa a mai a tsamo.

Kawu Ige ya ce, "Kai ɗan nan, mi za ka rera wa Ladan?"

Na ce, "Ta Nomau. In cire suna in sa suna."

Ya ajiye kalangu. "Kana da hankali kuwa?"

"Kamarawa na ina, Tsamaye na ina? Wa za shi kai labari?"

"Kasuwa ɗaya sukan ci, shashasha."

Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, kai dai kaɗa. Tunanin ka bar mini." (Wannan maganar har kabari za ta bi ni.)

Washegari taya ta yi faci har sau biyu, munka isa a makare. Al'ada ita ce kafin ka buɗe baki ka sami wani ɗan gari ya gaya maka manyan da ke zaune a rumfa. Ban tambaya ba, ina sauri ina kumbura. Abin da na tsaya kallo shi ne wani sabon babur ja a gindin dogonyaro, ko ledar kujera ba a cire ba. Na ce a raina, na ango ne, masu uba a gindin murhu.

Kalangu ya tashi, na ɗaga murya: "Ladan mai rumbu tara!" (Mutumin da ko akurki ban tabbata yana da shi ba.) 'Yan amshi sunka karɓa. Alhaji Ladan yana murmushi, ana ta manna mini kuɗi a goshi, kaina ya yi girma. Na kai wurin "ba ka da na biyu" na maimaita har sau uku. Sai na ji kalangu ya yi shiru.

Wani mai malfa ya taso daga bayan rumfa, a hankali, ba gaggawa. Malam Nomau! Ashe shi ne kawun amarya. Ya karɓi abin magana daga hannuna, ya ciro wayarsa ya kara ta a bakin abin maganar, ya danna. Sai ga muryata, daga lasifikar da na goyo da cinyata, tana cika Tsamaye: "Nomau mai rumbu tara..." Ashe da ita wayarsa ke ƙara in an kira shi.

Ya bar ta har ƙarshe, mugun. Mata sunka fara dariya ta bayan zana. Wani tsoho ya ce, "To wane ne na biyun?" Alhaji Ladan ya dube ni ya ce, "Ashe gwanjo ka kawo mini ranar auren ɗana?" Kuɗin da ke goshina sunka faɗo, ban ko iya sunkuyawa ba. Wallahi da ƙasa ta tsage da na yi mata godiya.

Sannan Malam Nomau ya ɗaga makulli sama. Ya ce, "Jama'a, wancan babur don wannan mawaƙi na sawo shi. Na kawo shi nan don in ba shi gaban mutane, yadda ake yi wa mawaƙi kyauta. Na ɗauki alkawali, kuma ba ni komawa da shi gida." Har na fara miƙa hannu (dubi rashin kunya). Ya wuce ni, ya danƙa wa Kawu Ige. "Kai ne ka tsai da kiɗa da ka gane ni. Kai ka san kunya."

Na yi fushi da waya, na yi fushi da mai faci, na yi fushi da wanda ya haɗa auren Kamarawa da Tsamaye bai shawarce ni ba. Wata guda ina neman mai laifi, kullum binciken a ƙofar ɗakina yake tsayawa. Abin da na koya dai, in za ka rantse wa mutum cewa ba shi da na biyu, to ka bar shi a hakan, ko aƙalla ka tambayi wa ke zaune a rumfa.

Maganar Malam Nomau kuwa ta tabbata, na gama hawan babur na haya. Yanzu a bayan Kawu Ige nake, da lasifika a cinya, kuma duk ramin da munka faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Kai dai riƙe, ɗan nan. Tunanin ka bar mini."