Yadda Za Ka Zaɓa Wa Surukinka Bindiga Ba Tare Da Ka Taɓa Riƙe Ta Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan Allah ya haɗa ka da surukin da zai ajiye maka ƙananan bindigogi biyu a kan tebur, kuɗinsu ɗaya, ya ce ka zaɓa masa, alhali kai ko bindigar ruwa ta 'yan Sallah ba ka iya saitawa ba, to kukanka ya ƙare. Ka bi matakan nan bi da bi, ni na lamunce maka za ka fita da hularka a kai, kuma a ba ka mata. An gwada su a nan Alƙahira a kan mutum mai rai, wato abokin zamana Sabo, ga shi nan yana yawo da yatsunsa goma cif.

Bari in gabatar maka da shi. Sabo ɗalibin fiƙihu ne, shekararsa shida a Masar, ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Arba wa Nus. Ya mutu a kan Tagwa, mai aiki a kantin magani, 'yar Hajj Fadl mai shagon yadi a kasuwar Ataba. Shi Hajj Fadl Bahaushe ne ta wajen kaka. Kakan ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa zai je hajji, ya yada zango a Sudan, zuri'a ta gangaro har nan. Tsohon yana jin Hausa, kuma yana son duk abin da ya fito daga can kamar ransa. A gidansa, kamar sauran gidajen garin nan, saurayi bai zama abin lissafi ba sai an zauna an karanta Fatiha. Fatihar nan Sabo yake nema ido rufe.

Mataki na ɗaya: Ka gyara kakanka

Kowa yana da kaka, amma ba kowane kaka ne yake shiga gidan surukai yadda yake ba. Sai an ɗan goge shi.

Ranar da Sabo ya fara zuwa gaisuwa, Hajj Fadl ya zuba masa shayi ya ce, "Ya waladi, mece ce sana'ar gidanku?"

Sabo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kakana dai tare da maharba ya ƙare rayuwarsa."

Wallahi bai yi ƙarya ba. Kakan nasa makaɗin maharba ne. Idan sun dawo daga daji shi yake tarbarsu da ganga a bakin gari, su yanka masa cinya. Bai taɓa harbin ko kurciya ba.

Hajj Fadl ya buga cinya. "Masha Allah! Jikan Sarkin Baka a falona!"

To nan ne gwaninta take. Kada ka ce e, kada ka ce a'a. Ka kai kofi baki. Sabo ya kurɓi shayi, kuma har gobe babu malamin da ya ce shan shayi ƙarya ne.

Sai dai tsohon bai tsaya nan ba. Ya ce yana da lasisin bindiga saboda gonarsa ta hanyar sahara, tasa ta tsufa, dillali zai kawo guda biyu kulob ɗin harbi a unguwar Dokki ranar Asabar da safe. "Ka zo ka zaɓa mini. Ina son mutumin da zan jingina da maganarsa. Idan mun gama, Juma'a mai zuwa mu karanta Fatiha, khalas."

Shayin ya sarƙe Sabo.

Mataki na biyu: Ka yi karatu, amma kada ka kuskura ka fahimta

Kwana uku Sabo ya yi yana kallon masana bindiga a waya. Abin da ya gano shi ne ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba. Wannan ya rantse mai nauyi ta fi, wancan ya ce duk mai riƙe mai nauyi bai san ciwon kansa ba. Sai hankalinsa ya kwanta, don ya gane gida ya zo. Shekara shida yana karanta saɓanin malamai.

Kai ma kalmomi uku sun ishe ka: nauyi, daidaito, da shuri, wato yadda bindiga take tokarin mai ita idan ta tashi. Duk tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ɗaga gira ka ce akwai saɓani a mas'alar.

Kada kuma zumuɗi ya ɗebe ka ka ce za ka saya wa kanka. Kai ɗalibi ne, takardar zamanka ma da addu'a ake sabunta ta.

Mataki na uku: Hannu a baya

Masani ba ya taɓa kaya. Yaro ne yake taɓawa.

Ranar Asabar Sabo ya sa farar jallabiya, ya shiga kulob ɗin kamar mai duba makaranta. Hajj Fadl yana gaba da sandarsa, Tagwa tana gefe riƙe da makullin mota, don ita ta tuƙo mahaifinta. Mai kula da filin harbin, wani ƙaton Bamisire da ake kira Kyaftin Hamad, ya buɗe akwatuna biyu da dillali ya kawo. Ɗaya baƙa ce wuluk, jikinta roba mai tauri, ba nauyi. Ɗayar ƙarfe ce zalla, tana ƙyalli. Dukansu irin waɗanda ake ɗanawa sau ɗaya ne, daga nan duk taɓa kunama su ɗora wa kansu wani harsashin.

Kyaftin ya nuna masa babu komai a cikinsu, ya miƙo baƙar. "Itfaddal, ya Sheikh."

Sabo ya ƙara ƙulle hannuwansa a baya. Ya zagaya teburin sau biyu, ya duƙa, ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Uhm." Ka riƙe wannan uhm ɗin da kyau. Ya fi bayanin awa guda.

Mataki na huɗu: Ka yabi ɗaya, ka koma ka yabi ɗayar

"To, jikan Sarkin Baka," in ji Hajj Fadl, "wacce?"

"Baba, ita wannan ta ƙarfen tana da nauyi, kuma nauyi yana rage shuri."

"Tamam. Mu ɗauke ta."

"Amma fa ita baƙar, rashin nauyinta rahama ne ga mai shekaru."

"To mu ɗauki baƙar."

"Sai dai daidaito, Baba. Akwai saɓani a mas'alar."

Kyaftin Hamad ya duba agogo. Tagwa ta juya tana karanta wata sanarwa a bango, kafaɗunta suna rawa. Da haka Sabo ya cinye minti ashirin yana magana bai ce komai ba, kuma kowace jimla tasa daidai ce. Ni kaina da ya ba ni labari sai da na ji alfahari.

Mataki na biyar: Idan ta tashi, kada ka tashi

A wurin nan ba ku kaɗai ba ne. Wani zai yi harbi a layin kusa, kuma ba zai yi maka sallama ba.

Kyaftin yana cikin raba abin toshe kunne, Sabo ya ɗaga hannu ya ce shi ya saba. Bai rufe baki ba sai ji kake tau! Kafin ƙarar ta gama mutuwa, jikan Sarkin Baka yana ƙarƙashin tebur.

Idan haka ta same ka, ka fito da carbi a hannu ka ce shi ya faɗi. Sabo ya yi hakan. Matsalar ita ce Tagwa ta san shi. Ranar da suka fara haɗuwa ma, ana wasan wuta ne na Sallah a titi, ya faɗo kantin maganinsu a guje ba takalmi ɗaya, ya ce maganin mura yake nema. Yanzu ta dube shi, dariyar ta ɗauke daga fuskarta, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Ustaz, ya isa haka. Baba ba ya yafe wa mai yi masa wasa da hankali."

Nan fa tsoro na gaske ya kama shi, wanda ya fi na ƙarar. Ya ga Juma'a tana yi masa nisa.

Mataki na shida: Ka fito da sirrin gida

Kowane masani yana da abu guda da ba a rubuta a littafi ba. Ka nemo naka tun daga gida.

Sabo abu ɗaya tak ya sani game da bindiga wanda ya gani da idonsa. Yana ƙarami, idan maƙerin garinsu ya gama ƙera bindigar adaka, ba mai haukan da zai fara harba ta a kafaɗa, don tana iya fashewa ta tafi da fuskar mutum. Sai a cika ta da albarushi, a ɗaure ta a jikin tsamiya, a ƙulla doguwar igiya a kunamar, kowa ya koma bayan rumbu, sannan a ja. Idan ta tashi ba ta tsage ba, ta zama bindiga.

Saboda haka da Kyaftin ya ce, "Yalla, ya Sheikh, gwada su mu gani," sai Sabo ya sa hannu a aljihu ya zaro igiya shuɗiya, kamu goma sha biyu, har da maƙalen shanya guda biyu a jikinta. Igiyar shanyarmu ce. Da safen nan ya kwance ta daga baranda, ya jibge kayana a ƙasa.

Ya ce, "Kyaftin, ina bishiya mafi kusa?"

Kyaftin Hamad ya dubi igiyar, ya dubi Sabo, ya nemi a maimaita masa da Larabci. Aka maimaita. Ya ce shekararsa ashirin da biyu a wurin nan, ya ga janar-janar, ya ga 'yan fim, amma bai taɓa ganin wanda ya zo ɗaure bindiga kamar akuya ba. Ya ce ko dai Sheikh ya riƙe ta da hannu kamar kowa, ko a rufe akwati.

Mataki na bakwai: Duk rintsi kada ka faɗi gaskiya

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, kuma a nan ne ɗalibina ya watsa mini ƙasa a ido.

Hanyoyin tsira suna nan birjik. Kana iya cewa ka yi rantsuwa a gaban kabarin kakanka. Kana iya cewa hannunka ya gurɗe. Na koya masa duka. Amma Sabo ya dubi bindigar, ya dubi tsohon da yake jiransa da fuska a sake, sai kunya ta rufe shi.

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban san komai a kan bindiga ba. Kakana makaɗi ne, ganga yake buga wa maharba. Tun ranar shayi ya kamata in faɗa. Igiyar nan ita kaɗai ce abin da na taɓa gani, kuma ko ita daga bayan rumbu na gani, yatsuna a kunne."

Hajj Fadl bai dube shi ba, igiyar yake kallo. Ya miƙa hannu ya karɓe ta, yana murza ta a yatsu.

"A jikin tsamiya?" ya ce.

"E, Baba."

"A koma bayan rumbu?"

"E."

Tsohon ya zauna a kan kujera. Ya ce kakansa ya sha ba shi wannan labarin yana yaro. Da ya kai shi makaranta, yara suka yi masa dariya, malami ya ce tatsuniyar tsofaffi ce. Shekara sittin bai sake faɗa wa kowa ba, har ya fara zargin ko shi ya ƙirƙira. Ya share ido da gefen rawaninsa, sannan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari.

"Tun ranar shayi na sani," in ji shi. "Maharbi ba ya firgita don an ajiye tire da ƙarfi. Jira nake in ga ranar da za ka faɗa da bakinka. Da ka zaɓa mini ɗaya yau, wallahi da bindiga zan koma gida, ba da suruki ba."

Mataki na takwas: Ka bar mai hankali ya zaɓa, kai ka gyaɗa kai

Tagwa ta ajiye makulli ta ce, "Baba, babban yatsanka na dama da yake ciwo, ja kowacce ka ɗana ta mu gani." Tsohon ya gwada ta ƙarfen, ya yi nishi, ta ƙi jawuwa. Ya gwada baƙar, ta tafi sumul, kuma ta zauna masa a tafin hannu.

"Shi ke nan," in ji ta. "Wadda hannunka ya iya."

Minti ɗaya bai cika ba. Sabo ya gyaɗa kai ya ce shi ma ra'ayin da ya fi rinjaye a wurinsa ke nan. Hajj Fadl ya ɗaga masa sanda.

An karanta Fatiha ranar Juma'a bayan la'asar. Ni na raka shi, na ci alawarsu ta basbusa har na ji kunya.

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan ka bi matakan aka kore ka, ka bi su ba daidai ba ne. Idan ka karya na bakwai aka ba ka mata, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ba koyarwata ba ce, kada ka jingina mini. Duk wanda ya je ya taɓa bindigar mutane ya ce ni na aike shi, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba.

Ita kuwa igiya, Hajj Fadl ya ƙi mayarwa. Tana nan rataye a shagonsa na Ataba, sama da bandiran shadda, duk wanda ya shigo sayen yadi sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin tsamiya da rumbu, ya ƙare da cewa, "Surukina ya gani da idonsa." Ni kuma wata na biyu ke nan ina shanya wandona a kan ƙofa.