Mai Shayin Bakin Tekun Lome

Na daɗe ina shakkar ko kakarmu, Iya Kubura, ta damu da ɗanta na fari. Kawu Illo ya bi motar albasa zuwa Lome tun ina ƙarama, kasuwa ta juya masa baya, kunya ta hana shi dawowa. Daga baya wayarsa ta daina shiga, aka fara raɗe-raɗin ba shi da lafiya. Da na dawo Tsarnawa daga karatu a Aljeriya na zaci zan iske tsohuwa cikin zullumi, sai na iske ta tana faɗa da akuyarta kamar kullum. Na san al'adar: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Amma a raina ina cewa, wace irin kunya ce za ta rufe bakin uwa shekara da shekaru, in ba zuciyar ce ta sake shi ba?

Ana haka Mahfuz, ɗan autan Iya ne ya haife shi, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Badagishiri, ya ce zai tafi Lome cin hutu. Kullum yana turo mana murya da hotuna a waya: yau teku, gobe babbar kasuwa, jibi jiragen ruwa. Iya takan sa in kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake, sannan ta yi tsaki ta ce shiririta. Ko sau ɗaya bai ambaci Kawu ba.

Ranar da ya dawo muna zaune a gindin bedi, wato dogon yaro, muna ɓarar wake. Tun daga zaure muka ji muryarsa.

"Lahiya lau, amarya, gajiya ta bi hanya. Ashe kina nan? Ni da na taho da cikina don in iske rabon gumba."

"Gumbar wa? Ni za ni ci taka. Dube shi don Allah, kamar kilishin da aka manta bisa rumfa. Miji ya tahi yawon duniya ya bar mata ba ko ɓarin goro."

"Goron mi, ke da haƙoranki suka riga ki lahira?"

"Da dasashina na tauna abin da ubanka bai tauna ba. Zauna, kana tare mani iska. An ce ka ga ruwa."

Ya ja turmi ya kife, ya zauna a kai.

"Iya, gani ya kori ji. Ruwa ne ba shi da gaɓa ta biyu. Ki duba har idonki ya gaji, sama ce kawai ta sauko ta kwanta bisanshi."

"Ana sha?"

"Gishiri ne."

"Ana ban ruwan albasa da shi?"

"A'a."

"To ruwan banza ka tahi gani. Gulbin Badagishiri ya hi shi mutunci. Ka shiga?"

"Har wuya."

"Kai? Kai da sai mutum biyu sun danne ka ake maka wanka? Raihanatu, ke da kika ga hoton, ina ruwan ya tsaya mashi?"

Na ce gaskiya bai wuce idon sawu ba, wando a nannaɗe, fuska kamar mai jiran allura.

"Kin ji ko. Har da ke, 'yar Larabawa? Iya, wannan hoton farko ne. Na biyun ruwa ya ci mai ɗaukar."

"Allah ya jiƙanshi. Sai kuma mi?"

"Sai kwakwa. Itace ne dogo, kowace ɗiya da rijiyarta a ciki. A sare kanta ki sha ruwa mai sanyi, a fasa ki kankare tuwo."

"Giginya ce ta ga baƙauye ta yi mashi kwalliya."

"Sai masunta. Unguwa guda ke jan koma ɗaya, maza da mata, suna waƙa tun sahe har hantsi. Kihin da suka hitar ya kai akuyarki."

"Akuyata tana ba ni nono. Kihinka mi ya ba ni? Ina tsarabata, ko ita ma ruwa ya ci?"

Ya laluba aljihu ya ciro wani ƙwanson katantanwar teku, fari da ratsin ja, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ki kara a kunne, za ki ji teku na magana."

Ta kara, ta ɗan saurara.

"Wanga ƙugin ai kunnena na yi mani shi kyauta tun bara. Ka ƙetare ƙasa da ƙasa ka kawo mani ciwon da nike da shi."

Duk da haka ba ta mayar masa ba, ta ƙulle a bakin zane. Ta ɗebo wake ta ci gaba da ɓara, ba ta dube shi ba.

"To wa ya riƙe ka can? Kai da in ka wuce Konni ba ka san gabas ba."

"Otal na sauka, mai bene."

"Wane otal za ya karɓi mai wannan ƙeyar?"

"Har sara mani suke."

"Ƙuda suke kore maka. Garin duka ba ka ga ko mutum guda mai jin Hausa ba?"

"Da yawa. Na ga wani Bagobiri mai sai da agogo. Na ga wani ɗan Tawa mai tura baro. Na ga wani Buzu..."

"Ban tambaye ka ƙidayar jama'a ba."

Na lura hannunta ya tsaya a kan kwasfa ɗaya, tana murza ta ba ta fasa ba. Mahfuz ma ya gani. Ya gyara zama, ya sassauta murya kaɗan, amma bai bar wasan ba.

"Af, na manta da wani tsoho da na tsinta. Na bi zango lungu-lungu ina neman inda ake dama hura, sai aka ce in tahi bakin ruwa, akwai wani mai shayi mutumin wajen Konni. Na iske shi ƙarƙashin kwakwa da teburinshi. Mummuna, Iya. Goshi kamar faifai. Na ce ikon Allah, ashe goshin nan biyu aka yi a duniya, aka aje ɗaya Tsarnawa aka jefa ɗaya Lome."

Duk zuriyarmu mutum ɗaya ne ya ɗauko goshin Iya.

"Goshina ya hi ƙeyarka kyan gani," in ji ta. Kwasfar ta fashe, waken ya watse a tabarma, ba ta bi shi ba. "Shi wannan mai shayin naka, tsaye yake dafa maka ko daga kwance?"

"Tsaye. An ce ya yi jinya mai tsawo, har wayarshi ya saida ya sayi magani. Ƙafar hagu na ɗan ja. Amma ranar da igiyar ruwa ta biyo mu, ya tsere mani."

"Tsere maka ba abin yabo ba ne, kunkuru ma ya iya. Garin da ba gero, mi suke ci?"

"Rogo da masara da kihi."

"Abincin wahala. To yana ci, ko kallonka yake kana lashe kwano?"

"Ya cinye nashi ya taya ni da nawa. Yana ci yana mita, wai duk Lome ba mai iya dama hura. Wai shi ya san wata tsohuwa mai sa citta da kanumfari har sai mutum ya yi atishawa."

"Makwaɗaici. Shi kaɗai yake zaune kamar mujiya?"

"Da matarshi, 'yar zango ce, mai haƙuri. Da wata 'yar ɗiya, ba ta kai shiga lakwal ba. Ita ce masifar. Ƙarama kamar tsinke, baki kamar reza, ba ta bari a gama magana. Ta dube ni ta ce ƙeyata ta yi tsawo. Na ce wannan wace irin ɗiya ce, mi sunanta? Uban ya sunkuyar da kai, ya ce su dai Iya suke ce mata, don ba ya iya kiran sunan."

Akuya ta zo ta sa baki a cikin waken, ba wanda ya kore ta sai ni. Can tsohuwa ta goge ido da gefen kallabi, ta ce ƙaiƙayin wake ne.

"Sun ɓata suna," ta ce. "Amma ta yi gaskiya kan ƙeyar."

"Ya ba ni saƙo ma, na ce ni ba ɗan aike ba ne, hutu na zo."

"Rago. Ko ba ka isar ba wa ya damu."

"To shi ke nan, na bari."

"Faɗi mana, tunda ka ɗauko. Kar ya ruɓe maka a ciki."

"Ya ce in na san wata tsohuwa mai hankali a garinmu, in tambaye ta. Na ce mashi tsohuwa dai akwai, hankalin ne ban yi alkawari ba. Wai mutumin da ya bar gida da mota cike da albasa, in ya dawo da buta da kofunan shayi da ƙafa mai ja, ana buɗe mashi ƙofa?"

Wannan karon bai yi dariya ba. Nan na gane duk teku da kwakwar nan hanya ce aka share wa wannan tambayar.

"Ni mi ya gama ni da mai shayin Lome?" in ji Iya. "Amma in ka ga sakaran, ka ce mashi ƙofar gidan nan zana ce, ba ta da kwaɗo. Akuyata ma in ta kwana daji ta dawo, ba ni tambayarta mi ta kawo. Dawowar nike dubi."

Mahfuz ya zaro waya a hankali, ya danna wurin ɗaukar murya, ya ɗora a gwiwarsa.

"Ban ji ba, amarya. Ruwan teku ya shige mani kunne."

"Ruwan idon sawu ne ya hau har kunne? Aje abin nan. Ni ba ni magana da ƙarfe, da kai nike."

"To da ni ɗin. Maimaita."

Ta harare shi. Sannan ta matso, ta sunkuya daidai kan wayar, ta ɗaga murya yadda take yi in tana kiran wani daga gona.

"Na ce ƙofar zana ce. Kuma wake ya yi bana, gero ya yi, ba a rasa abin ba baƙo. Kuma a taho da mai bakin nan in ga ko ta kai ni. Da Mahfuz nike."

Ya ɗaga yatsa, saƙon ya tafi Lome, wayar matar Kawu. Ba a jima ba alamar ta nuna an saurara. Ya juya mata fuskar wayar ta gani, ita da ba ta karatu, amma ta daɗe tana kallo.

"Yanzu wa ya iya yawo?" in ji shi.

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun dawowata, har tana dafa kafaɗata.

"Ka ci ni yau, mijin banza. Ashe ƙeyar nan ba a banza ta yi tsawo ba." Ta kwance ɗaya bakin zanen ta ciro farin goro guda, wanda take ɓoyo ko limamin unguwa ba ya samu, ta jefa masa. "Ungo. Raihanatu, ɗauko mashi hurar da ke cikin ƙwarya. Ki ba shi duka, kar ya mutu mani a gida a ce yunwa."

Washegari da safe na fito na iske an fitar da buhunan ƙaiƙayi da tsofaffin kayan noma daga ɗakin da ke kusa da rumbu, wanda tun tasowata a rufe na san shi. Iya na ciki da tsintsiya, ta ɗaure ƙugu, ta hana kowa taya ta.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Iya, wa ake share wa ɗakin nan?"

Ba ta ɗago ba.

"Baƙon Mahfuz ne, ni ina ruwana. Ki dai ce a sayo sabuwar tabarma ranar kasuwa, mai taushi. An ce ƙafarshi na ja."