Ranar Da Na Wanke Tandar Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba, wata safiyar Lahadi ce a Agege, shekarar da sojoji suke ta dawowa daga ƙasar Bama bayan yaƙin duniya na biyu, na ɗaura zanen matata a ƙugu na ce zan yi mata karin kumallo irin na Turawa. Yanzu da furfura ta gama cinye kaina ina iya ba da labarin ina dariya. Amma a ranar, wallahi, da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

A lokacin ina aikin reluwe a Ebute Meta. Kilina ne ni, wato mai goge injin jirgi. Kullum da sassafe zan bi jirgin ma'aikata daga Agege, in wuni ina dirzar tagulla da ƙarfe har sai mutum ya ga haƙoransa a jiki. (Kada ka raina aikin nan, mai karatu. Har Baturen da ke kanmu yakan tsaya gaban injin da na goge ya gyara hularsa.) Wannan ya sa na yi girman kai, na ɗauka babu wani baƙi a duniya da zai gagare ni. Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Matata Ladi 'yar Zariya ce, shekararmu ɗaya ke nan da aure. Waina take toyawa a ƙofar gidan da muke haya, kuma ba don tana matata ba, ban taɓa ganin mai hannu irin nata ba. Fatake masu sayen goro sukan baro tasha su zo su yi layi tun ƙullu bai gama tashi ba. In ta zauna gaban murhu, ba ta ko kallon abin da take yi: tana amsa gaisuwar wannan, tana yi wa wancan tsiya, cokali yana juya waina ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ƙone, ba wadda ta fashe. Ni kuwa nakan yi kamar ina gyara takalmi don in daɗe ina kallonta, har sau biyu jirgi ya kusa barina.

Tandar da take suyar da ita ta ƙasa ce, mai gurbi bakwai, baƙa ƙirin. Ta mahaifiyarta ce, da ita aka kai tsohuwar ɗakin miji. Ladi a cinya ta riƙo ta tun daga Zariya har nan Ikko, nannaɗe cikin zane, ba ta yarda an sa ta cikin kaya ba.

Sai dai Ikko ba ta karɓi Ladi ba. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, gishiri ya narke a kwano, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba, ga sauro. Ba ta cika ƙorafi ba, amma duk jirgin arewa ya yi kuka sai in ga ta yi shiru. Da lokacin ganin gida ya zo, aka tsai da cewa za ta yi wata uku a can, sai hankalina ya tashi. Maƙwabcinmu Ɗanjuma haka matarsa ta tafi ganin gida, maimakon ita sai wasiƙa ta dawo. Ina ganin Ladi tana ɗaure kayanta, kwanuka da tukwane da komai wai za ta raba wa ƙannenta, sai zuciyata ta ce mini, malam, naka ya zo.

Na kai kukana wurin Audu, ɗan garinmu, kuku a gidan wani Baturen reluwe. Ya saurare ni yana fere dankali, sannan ya yi dariya.

"Kai baƙauye ne har gobe," in ji shi. "Ka san abin da oga yake yi duk madam za ta tafi ƙasarsu? Da safe sai a yi fanke da cakulan, shi da kansa zai ɗauki tire, da fure a kwalba, ya kai mata har ɗaki. Shekara nawa ke nan, kullum sai ta dawo."

(Abin da ban tsaya na lura ba shi ne, Audu ne mai suyar. Oga tire kawai yake ɗauka.)

Ya gutsuro mini ragowar fanken safiyar ranar. Ba irin fankenmu ba ne mai kumburi, wannan shimfiɗaɗɗe ne, mai laushi, launin ƙasa, ga ƙanshi. Na lumshe ido. Ya lissafa mini kayan haɗi: fulawa, ƙwai, madarar gwangwani, sukari, da garin cakulan da ake sayarwa a kanti. "Amma ka ji, kaskon ƙarfe mai faɗi ake sa wa, kuma wuta kaɗan-kaɗan. Small small, ka gane?" Na ce na gane. Mutumin da ke wuni kusa da wutar jirgi ne za a koya wa wuta?

Litinin za ta shiga jirgi. Ranar Lahadi bayan sallar asuba ta fita maƙwabta a yi mata kitso da ƙunshi, ta ce sai hantsi za ta dawo, in yi haƙuri da shayi. Tana fita na zabura. Na ciro kayan daga ƙarƙashin gado inda na ɓoye su, na ɗaura zanenta a kan wandona yadda na ga Audu yana ɗaura farin ƙyalle, na kwaɓa ƙullu. Gaskiya ƙullun ya yi kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa.

Sai maganar kasko. Na duba ko'ina, duk ta ɗaure kayan girki. Abu ɗaya kawai ya rage a waje, a jingine a gurbinsa na kullum: tanda. Na ce a raina, ai ba ta kai kanta ba ne tukuna. Kuma mene ne bambancin? Fanke zagaye, gurbin tanda zagaye, ga shi har bakwai zan yi a tashi ɗaya, Audu yana can yana fama da ɗaiɗai.

Na hura wuta irin ta ma'aikacin reluwe. Na zuba mai, na cika kowane gurbi taf. Ban san cewa madara da sukari ba sa wasa da wuta ba. Kafin in juya in ɗauko cokali, ƙullu ya kumburo ya haɗe gurabun bakwai suka zama ɗaya, ƙasa ya ƙone, sama yana nan ruwa tsamo-tsamo, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Na sauke, na kankare abin da ya kankaru, sauran ya ce shi da tanda mutu ka raba.

A nan ne kilina ya farka a jikina. Na dubi tandar na ce, Allah Sarki Ladi, duk ƙwarewarta ashe ba ta da ƙarfin hannu, dubi daɗɗalar shekara da shekaru! Na ɗebo yashi da toka, na ɗauko sabulun sanda irin wanda muke aiki da shi, na durƙusa. Na dirje ƙonannen fanke, na wuce shi, na shiga baƙin da ke ƙarƙashi. Gumi yana ɗiga ina murmushi. Ban tsaya ba sai da jar ƙasa ta bayyana a kowane gurbi, tanda ta koma kamar yau aka sayo ta daga hannun maginiya. Na ɗaga ta sama ina yaba wa kaina: ga karin kumallo, ga kuma kyauta.

Na sake zuba sauran ƙullun. Wannan karon tandar ta shanye man nan take, ta kama fanken ƙam. Da ƙyar na ɓanɓaro wasu guntaye baƙaƙe na jera a faranti, na sa a tire, na tsinko jan fure a jikin shinge na soka a kwalbar magani. Ina tsaye riƙe da tiren, zane a ƙugu, toka har gira, sai na ji sallama.

Ladi ce, da sabon kitso, hannuwanta biyu a naɗe da tsumman lalle. Ba ita kaɗai ba ce. Hayaƙin ya jawo mai gidan da muke haya, Iya Risi, wata dattijuwar Bayarabiya da ta iya Hausa ta kuma iya faɗa da ita, da bokitin ruwa a hannunta, matan gidan duka suna biye.

"Ye pa! Ina gobarar?" in ji Iya. Sai ta gan ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye bokiti. "Oga Kilina, kai ne da zane? Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Matan suka fara ƙunshe dariya. Wannan kaɗai ya isa kunya, don a unguwarmu in namiji mai mata ya tsuguna gaban murhu, ba shi za a zaga ba, matarsa za a yi ta yi da ita. Amma sai idon Iya ya sauka kan tanda. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Olorun mi o! Ya wanke ta! Ku zo ku gani, ya wanke tanda da sabulu!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Wata ta ce, "Innalillahi." Ni kuwa, don in nuna maka iyakar wautata, sai na ce, "Ai da yashi na fara."

Iya ce ta yi mini karatun, da ƙarfi, yadda na waje ma zai amfana. Baƙin nan ba datti ba ne. Mai ne da ƙasar ta yi shekaru tana sha, shi ne yake sa waina ta juyu ba ta kama ba. Ba a sa wa tanda sabulu, ko ruwa ba a cika sa mata ba, tsumma kawai ake shafawa. Abin da uwa ta tara ta miƙa wa 'yarta, ni na kankare shi kafin hantsi.

Na kalli Ladi. Tana kallon tandar, na ga idonta ya kawo ruwa, na ga ta haɗiye shi. Na ce shi ke nan, na yi wa kaina abin da ko Ɗanjuma bai yi ba. Sai ta ɗago ta yi murmushi, ta dubi matan.

"Iya, ku bar mini mijina. Ni na ce ina marmarin abincin Turawa kafin in tafi. Cikinku wa aka taɓa tsinko wa fure?"

Sai ta juya musu baya. Ta wuce ɗaki, ta ce, "Malam, shigo da shi, ka ga hannuna a ɗaure."

Ƙarya ta yi domina, a gaban kowa, alhali ni na yi mata ɓarna. Ban taɓa jin ƙaunar wani mahaluƙi kamar yadda na ji tata a wannan taƙin ba, kuma ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba.

A ɗaki na zauna gabanta, tun da hannunta ba dama, na riƙa ba ta a baki. Ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta ci uku, fuskarta ba ta canja ba. Na ɗanɗana guntu. Gawayi ne da sabulu, cakulan ɗin yana can nesa yana ɗaga hannu.

"Tofar, don Allah," na ce.

"Na riga na haɗiye. Yanzu gaya mini, me ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, har da Ɗanjuma da wasiƙarsa, har da oga da tirensa. Sai ta yi dariya har tana jingina da bango.

"Malam, duk kayan da na ɗaure, me ka ga na bari a waje?"

Na ce, "Tanda."

"To? Abin da na riƙo a cinya tun daga Zariya, kana ganin zan bar shi a gidan da ba zan dawo ba? Na bar maka ita ne don hankalinka ya kwanta. Na ɗauka kana da ido."

Amsar tambayar da ta hana ni sukuni mako biyu tana jingine a bango, ni kuwa na ɗauke ta na dirje da yashi.

Washegari a tasha, kafin ta hau, ta ba ni aiki. Kullum in shafa wa tandar man gyaɗa, in ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan ta sha, in goge da tsumma. Haka na yi wata uku. A Ebute Meta ina fitar da baƙi, in na dawo Agege ina mayar da shi, Iya Risi tana zaune a kujerarta tana duba aikina tana cewa, "Bai yi ba, ƙara."

Ranar da Ladi ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi tanda. Ta shafa yatsa a gurbi, ta shinshina. Da safe ta zuba ƙullu, muka tsaya ni da Iya ba mai numfashi. Ta sa cokali, waina ta juya sumul. Sai a lokacin ta dube ni ta ce, "Sannu da gida, Malam."

Bayan mako ɗaya ta aro kaskon ƙarfe, ta tambaye ni kayan haɗin sau ɗaya tak, ta yi fanken cakulan ɗin da Audu da kansa ya ci ya nemi ƙari. Ni ta ba wa tire na ɗauka.

Abin da na koya bai da yawa: in ka ga abu ya yi baƙi a madafin mace, ka sa hannunka a aljihu ka yi tambaya. Tandar tana nan har yau, a hannun babbar 'yarmu. Kuma duk ranar da na fara cika baki gaban jikoki cewa a zamanina babu aikin da ya gagare ni, Ladi ba ta musa mini. Takan leƙo ne kawai ta ce, "Malam, a kawo maka sabulu?"